Jami'ar Keio ta Japan: ta kuɗi ce, to tana da daraja kuwa?

Sagir_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi karatu a Japan. Ƙanena ya gama digirin farko a fannin tattalin arziki, ya yi bautar ƙasa, yanzu Allah ya buɗa masa ƙofa biyu na digiri na biyu a Japan, duka da tallafin karatu. Ɗaya jami'ar gwamnati ce a wani gari can arewacin ƙasar, ɗayar kuma Keio ce a Tokyo. Shi dai zuciyarsa na kan Keio. To Baba ya ji an ce Keio ba ta gwamnati ba ce, sai ya ce sam, ba zai tura ɗansa uwa duniya ya je jami'ar kuɗi ba, don a saninsa 'ya'yan masu hali da suka kasa cin jarrabawa ne ke zuwa irinsu. Ni kuma ba ni da hujjar da zan kare yaron da ita. Don Allah wannan Keio tana da daraja a can, ko suna ne kawai?

Lawandi77:
Wa alaikumus salam. Ni ina bayan Baba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ko'ina a duniya ta gwamnati ta fi tsauri. Ya ɗauki ta gwamnatin hankali kwance.

Hauwa_Sendai:
Malam Lawandi, "ko'ina" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Shekara biyar na yi a Japan, kuma a jami'ar gwamnati na yi, don haka ba tallar Keio nake yi ba. A can kusan kashi uku cikin huɗu na jami'o'i masu zaman kansu ne, yawancin ɗalibai ma a cikinsu suke. Akwai nagari, akwai kuma waɗanda ko kujerunsu ba sa iya cikawa saboda haihuwa ta ragu a ƙasar. Amma guda biyu sun fita daban, Keio da Waseda. Japanawa ma haɗe sunayen suke yi su ce Sokei. Duk gidan da yaro ya ci jarrabawar shiga ɗayansu, ranar murna ce. A 2014 gwamnati ta ware jami'o'i 13 a sahun farko na waɗanda za ta tallafa wa su yi gogayya a duniya, kuma waɗannan biyun ne kaɗai masu zaman kansu a ciki.

Malam_Bala_Tarihi:
Sagir, ka gaida min Baba, ka ce masa makarantar nan ta girmi Jami'ar Tokyo ta gwamnati. An kafa ta Tokyo a 1877, ita kuwa Keio tun 1858 aka fara ta, lokacin birnin ma Edo ake ce masa, kuma gidan Tokugawa ne ke mulki.

Wanda ya kafa ta sunansa Fukuzawa Yukichi. An haife shi a 1835 a Osaka, ɗan wani ƙaramin samurai ne, wato bafaden yaƙi, na masarautar Nakatsu. Ubansa ya rasu yana jariri, ya tashi cikin talauci, kuma tun yana yaro ya tsani tsarin da ya sa ɗan babban gida ke gaba da ɗan ƙaramin gida komai ƙwaƙwalwarsa. A zamanin Japan a rufe take, mutanen Holan ne kaɗai Turawan da aka yarda su yi ciniki, ta Nagasaki. Duk mai son ilimin likitanci ko kimiyya na Turawa sai ya koyi harshen Holan. Ya koya a makarantar Ogata Koan a Osaka, sannan masarautarsu ta tura shi Edo ya buɗe aji a gidanta da ke unguwar Tsukiji. Ajin nan shi ne tushen Keio.

Wurin da ya fi burge ni shi ne 1859. Ya tafi Yokohama, sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe wa baƙi, yana ganin ya iya harshen Turawa. Ya isa ya tarar ko allon shago ba ya iya karantawa, don da Ingilishi aka rubuta. Shekarun da ya ɓata kan harshen Holan kamar sun tafi a banza. Da wani ne, da ya yi zuciya ya koma gida. Shi kuwa sai ya fara Ingilishi daga baƙi. A 1860 ya bi jirgin Kanrin Maru zuwa San Francisco, ya dawo da ƙamus na Webster. A 1862 ya zaga Turai, a 1867 ya sake komawa Amurka ya sayo littattafai masu yawa domin ɗalibansa.

Sunan Keio kuwa daga kalandarsu ya fito. Suna raɗa wa zamani suna, kuma 1865 zuwa 1868 shi ne zamanin Keio. A 1868 ya raɗa wa makarantar Keio Gijuku. A 1871 ta koma Mita, inda babban mazauninta yake har yau.

Ummu_Ammar:
Allah ya saka da alheri Malam Bala. Ni da na ga sunan na ɗauka ta kamfanin jirgin ƙasan nan ce na Tokyo, don maigida ya taɓa nuna min hoton tikitinsa da sunan Keio a jiki.

Hauwa_Sendai:
A'a Hajiya, ba su haɗa komai ba. Na jirgin ƙasa daga sunan Tokyo da Hachioji aka haɗo shi, rubutun ma daban yake a haruffansu. Da baƙaƙen boko ne kawai suka zo ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam Bala, da girmamawa, akwai gyara. Cewa ta girmi Jami'ar Tokyo yana buƙatar bayani. A 1858 aji ne na koyon harshe, ba jami'a ba. Sai a 1890 ta buɗe sashen jami'a da fannoni uku, adabi da tattalin arziki da shari'a. Gwamnati kuma ba ta amince da ita a matsayin cikakkiyar jami'a ba sai 1920, bayan dokar jami'o'i ta 1918. Kafin nan jami'o'in sarki, wato manyan na gwamnati irin su Tokyo, su ne kaɗai ke da wannan matsayi a doka. Kada Sagir ya kai wa Baba magana rabi.

Malam_Bala_Tarihi:
Gaskiyarka ne, na karɓi gyara. Makarantar ce ta girme ta, ba matsayin jami'ar ba. Amma gyaran naka ya ƙara min hujja. Shekara sittin da biyu ta yi tana yaye mutane ba tare da wannan hatimi ba. Fukuzawa da kansa ya ƙi karɓar muƙami a sabuwar gwamnatin Meiji, wadda ta gaji mulkin Tokugawa, duk da an neme shi. Ra'ayinsa shi ne ƙasa ba ta tsayawa da ƙafarta sai mutanenta sun tsaya da tasu, kuma malami bai kamata ya zama ɗan amshin shatan hukuma ba. Taken makarantar har yau "dokuritsu jison", wato dogaro da kai da mutunta kai. Ke nan zamanta ba ta gwamnati ba da gangan ne, ba gazawa ba ce.

Akwai labarin da kowane ɗalibinsu ya sani. Ranar 15 ga wata na biyar na 1868, a tsohuwar kalandarsu, ana gwabza yaƙi a Ueno tsakanin dakarun sabuwar gwamnati da ragowar mayaƙan Tokugawa. Ana jin ƙarar igwa a cikin gari, mutane sun rufe shaguna, shi kuwa yana aji yana karantar da littafin tattalin arziki na Ba'amurke Francis Wayland. Har yanzu duk 15 ga Mayu suna yin lacca don tunawa da ranar. Ga ƙanen Sagir mai karatun tattalin arziki, gidan fanninsa ke nan.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum. Wannan Fukuzawa ba shi ne ke bisa takardar yen dubu goma ba? Wani abokina da ke sayo motoci ta Kwatano ya gwada mini ita.

Injiniya_Kabiru:
Shi ne, amma an canja. Daga 1984 hotonsa ke kan yen 10,000, har mutane kan ce "Yukichi" suna nufin takardar. A watan Yulin 2024 aka fito da sababbi, Shibusawa Eiichi ya maye gurbinsa. Tsofaffin dai har yanzu ana karɓa. Abin sha'awa, sabuwar yen 1,000 hoton Kitasato Shibasaburo ke kai, shi ne shugaban farko na tsangayar likitanci ta Keio da aka buɗe a 1917.

Labarinsu da Fukuzawa na amana ne. Kitasato ya yi aiki a Jamus ƙarƙashin Robert Koch, ya yi suna a binciken cutar sarƙe haƙora. Da ya dawo gida bai samu wurin aiki da ya dace da shi ba, sai Fukuzawa ya taimaka aka gina masa cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a 1892. Daga baya cibiyar ta koma hannun gwamnati, a 1914 kuma aka miƙa ta ƙarƙashin ma'aikatar ilimi domin a haɗe ta da Jami'ar Tokyo ba da yardarsa ba. Ya ajiye aiki, mutanensa suka bi shi, ya kafa tasa cibiyar. Da Keio ta tashi buɗe likitanci, Fukuzawa ya riga ya rasu tun 1901, amma Kitasato ya zo ya riƙe ta don rama alheri.

Awudu_Nima:
Gaisuwa daga Ankara. Mu nan Gana sunan da muka sani shi ne Noguchi Hideyo, wanda ke kan tsohuwar yen 1,000 kafin Kitasato. Yana saurayi ya yi aiki a waccan cibiya ta Kitasato. A nan Ankara ya rasu a 1928 yana binciken cutar shawara, kuma cibiyar bincike da ke Legon sunansa take ɗauke da shi. Ban san akwai zare tsakaninsa da mutanen Keio ba sai yau.

Gaskiya_Ɗaci:
Mun yi nisa da tambayar. Tarihi mai daɗi ne, amma Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A Japan ma Keio sunan makarantar 'ya'yan masu kuɗi gare ta. Suna da firamare mai suna Yochisha tun 1874. Yaron da ya shiga yana ɗan shekara shida zai iya wucewa sakandarensu, ya zarce jami'a ba tare da ya zauna jarrabawar shiga irin wadda sauran yara ke kwana suna karatu dominta ba. Wa ke iya biyan wannan tun daga firamare? Fukuzawa, mutumin da ya shahara da cewa ba a halicci wani a saman wani ba, makarantarsa ta zama wurin da gata ke gadon gata. Wannan abin a faɗa ne.

Hauwa_Sendai:
Haka ne, ba na musu. Amma waɗanda ke hawowa ta wannan matakala su ne marasa rinjaye. Mafi yawan ɗalibai daga waje suke shigowa, kuma jarrabawar tana da wuya ƙwarai, musamman likitanci da shari'a da tattalin arziki. Abin da Baba ke tsoro shi ne wurin da kuɗi ke sayen takarda. Tsadar makaranta daban, sayar da sakamako daban. Tsada kam akwai. Kuɗin jami'ar gwamnati da aka ƙayyade yen 535,800 ne a shekara, na Keio ya ninka haka ko fiye, likitanci kuwa ba a magana. Tunda yaron yana da tallafi, ya karanta takardar da kyau ya tabbatar ta ɗauke kuɗin makaranta duka, sannan ya lissafa haya, don ɗaki a Tokyo ba kamar na garuruwan arewa ba ne.

Binta_Akanta:
Ni ta ɓangaren aiki zan yi magana. Ƙarfin Keio yana cikin tsofaffin ɗalibanta. Ƙungiyoyinsu ana ce musu Mita-kai, akwai na kamfani, na gari, na shekarar gamawa, har a ƙasashen waje. Shekaru da dama a jere ita ke kan gaba a yawan masu cin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta Japan, kuma cikin shugabannin manyan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari 'yan Keio sun fi yawa. Akio Toyoda na Toyota can ya yi shari'a. Firaministoci ma akwai Hashimoto Ryutaro, Koizumi Junichiro da Ishiba Shigeru. In yaron yana da niyyar aiki da kamfanin Japan, ko a can ko a Afirka, sunan zai buɗa masa ƙofa.

Malam_Bala_Tarihi:
Hajiya Binta, wannan haɗin kan yana da asali. Bayan tawayen da samurai na yankin Satsuma suka yi a 1877 ɗalibai suka ragu, kuɗi ya karye, Fukuzawa ya nemi rance daga gwamnati bai samu ba, har ya yi tunanin rufe makarantar. Malamai da tsofaffin ɗalibai ne suka ƙi, suka shiga tara gudummawa a 1880 suka cece ta. Tun daga nan suke ganin makarantar tasu ce, ba ta wani mutum ɗaya ba. Har wata al'ada gare su, a sanarwar makaranta Fukuzawa kaɗai ake kira "sensei", wato malam. Sauran farfesoshi komai girmansu "kun" ake liƙa wa sunansu, kamar yadda ake yi wa ɗalibi.

Lawandi77:
To in haka ne me ya sa ba na ganinta cikin jami'o'i ɗari na farko a duniya? Tokyo da Kyoto nake gani.

Injiniya_Kabiru:
Tambaya mai kyau. Masu wannan jeri bincike suke aunawa, yawan maƙaloli da yawan waɗanda suka ambace su, galibi na kimiyya da Ingilishi. Kuɗin binciken gwamnati mafi yawa tsofaffin jami'o'in sarki yake tafiya, irin su Tokyo, Kyoto, Osaka, Tohoku, Nagoya. Masu lambar Nobel na kimiyya ma yawancinsu daga na gwamnati suka fito. Da a ce yaron fiziks ko kemistiri zai yi, da na ce ya dubi ta gwamnatin da idon basira. Amma kada a ce Keio ba ta taɓuka komai a kimiyya. Murai Jun da ake kira uban intanet na Japan nasu ne, ya daɗe yana koyarwa a mazauninsu na Shonan Fujisawa da aka buɗe a 1990. Mukai Chiaki, macen Japan ta farko da ta je sararin samaniya a 1994, likita ce da ta fito daga Keio.

Sani_Kwallo:
Ku bar ni in sa baki da abin da na sani. Wasan besbol tsakanin Waseda da Keio, Sokeisen, tun 1903 ake yinsa, yanzu a filin Jingu. A Oktoban 1943, kafin a kwashi ɗalibai zuwa fagen yaƙi, sai da suka roƙa aka bar su suka buga na bankwana. Wasu cikin waɗanda suka halarta ba su dawo ba. Sannan sakandaren Keio ta ci gasar Koshien, wato gasar besbol ta sakandarorin Japan, a 2023 bayan shekara 107 rabonta da ita.

Gaskiya_Ɗaci:
Tunda an taɓo yaƙi, a faɗi sauran. A 1944 babbar rundunar jiragen yaƙin ruwan Japan ta mayar da hedikwatarta mazaunin Keio na Hiyoshi, ta haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, har yau suna nan. Shi kansa Fukuzawa ba kowa ke yaba masa ba a Koriya da Sin. Akwai wani sharhi da ya fito a jaridarsa Jiji Shimpo a 1885 da ke cewa Japan ta raba gari da maƙwabtanta na Asiya ta bi sahun Turawa, kuma ya goyi bayan yaƙin da aka yi da Sin a 1894.

Malam_Bala_Tarihi:
Goyon bayan yaƙin gaskiya ne, ba zan wanke shi ba. Sharhin kuwa ba sa hannu a jikinsa, masana na jayayya kan wanda ya rubuta, ko da yake da yawa shi suke jingina wa. A kuma tuna cewa Keio ta karɓi ɗaliban Koriya tun 1881, cikinsu har da Yu Kil-chun, kuma Fukuzawa ya tallafa wa su Kim Ok-gyun masu neman sauyi a Koriya. Sharhin ya fito ne 'yan watanni bayan yunƙurinsu na 1884 ya rushe an kashe mutanensu. Wasu na karanta shi a matsayin ɓacin rai, wasu na ganin share fagen mulkin mallaka ne. Ni na fi karkata ga cewa duka biyun akwai.

Ummu_Ammar:
Ni tambayata ta uwa ce. Sallah fa, da abinci? Ina jin wannan ma yana cikin ran Baba ko bai furta ba.

Hauwa_Sendai:
Hajiya, a wannan Tokyo ta fi ƙananan garuruwa sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai babban masallacin Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara wanda Turkiyya ke kula da shi, akwai wasu masallatan a Otsuka da sauran unguwanni, ga shagunan halal a Shin-Okubo. Abin da zai kiyaye shi ne kayan kanti, don naman alade da giya suna shiga abinci da yawa ta hanyar da ba a zato. Ya koyi haruffan da ke nuna su tun kafin ya tafi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ustaz_Nuhu:
Ƙarin bayani ga Baba. Wanda ya fara fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Japananci kai tsaye daga Larabci, Izutsu Toshihiko, ɗalibin Keio ne kuma malaminta. Fassarar ta fito a 1957 zuwa 1958. A gidan mabiya Zen, wani reshe na addinin Buddha, ya taso, amma ya yi karatu wurin malaman Musulunci biyu 'yan ƙabilar Tatar da suka zauna a Tokyo, Abdurrashid Ibrahim da Musa Jarullah. Fassarar da Musulmin Japan suka fi riƙo da ita daga baya ta Umar Mita ce ta 1972. Ina nufin dai nazarin Larabci da Musulunci ba baƙo ba ne a makarantar.

Sagir_Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba kusan duka. Labarin malamin da ya ci gaba da karatu ana harba igwa ya sa shi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce in sake karanta masa na Ustaz. Bai ce eh ba tukuna. Abin da ya tsaya a kai yanzu shi ne in yaron ya dawo Najeriya, wa ya san Keio a nan? Ya ce mai ɗaukar aiki a Abuja in ya ga jami'a mai sunan gari zai fi ganewa.

Binta_Akanta:
Baba yana da hujja a nan. Jami'o'i masu zaman kansu a Najeriya sai 1999 aka fara ba su lasisi, don haka mutanenmu da ma'aunin gida suke auna na waje. Amma a bankuna da hukumomin ƙasa da ƙasa da duk inda ake hulɗa da JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ko kamfanonin Japan, an san ta. Tantance takarda kuma a ma'aikatar ilimi ta tarayya ake yi, ita ma abin da take dubawa shi ne ko ƙasar da jami'ar take ta amince da ita.

Lawandi77:
Na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. A ƙaramin gari zai fi samun natsuwar karatu, kuɗinsa kuma zai fi auki. Tokyo akwai ɗauke hankali.

Hauwa_Sendai:
Sagir, akwai abin da ba wanda ya tambaya, kuma shi ne babba a digiri na biyu a Japan. Wane farfesa ne zai duba aikinsa a kowace jami'ar? A can ɗalibi na malaminsa ne, a zauren bincikensa zai zauna shekara biyu, shi zai sa masa hannu, shi zai rubuta masa takardar shaida in zai zarce digiri na uku. Ka ce wa yaron ya nemo abin da malaman biyu suka wallafa cikin shekara biyar da suka wuce, ya ga wanne ya taɓo tattalin arzikin ƙasashe masu tasowa. Ya kuma rubuta wa ɗalibansu na ƙasashen waje ya ji ko da Ingilishi ake tattaunawar mako ko da Japananci.

Sagir_Fagge:
Na tura masa yanzu, Anti Hauwa. Ya ce na Keio sun yi magana sau biyu ta bidiyo, na ɗaya jami'ar kuma wasiƙa ɗaya suka yi musaya. Zai nemi ɗaliban a daren nan. Ranar Juma'a kawunmu zai zo daga Zariya, Baba ya ce sai an zauna da shi.

Gaskiya_Ɗaci:
In za ku zauna, ku tafi da lissafin haya da na jirgin ƙasa a rubuce, na garuruwan biyu. Hauwa, nawa ɗaki yake kaiwa yanzu a wajen Hiyoshi, in bai samu ɗakin kwanan ɗalibai ba?